Motar kullum ko motar ranar kasuwa? Lissafin da ɗan Adar zai yi kafin ya turo kuɗi

Da zarar sallah ta matso ko an kammala girbi, 'yan bidar Adar da ke Abijan, Libiya, Aljeriya da Kamaru sukan fara turo kuɗi gida a sayi mota. Buƙatar kusan iri ɗaya ce a kowane gida. Ana son motar da za ta kai yara makaranta cikin garin Tahoua, ta kai tsohuwa asibiti, ta je shago ko wurin aiki, sannan ranar kasuwa ko lokacin aikin lambu a ɗaura mata 'yar tirela ta jawo albasa, siminti ko ruwa. A kan wannan jan kayan ne shawara ke karkacewa. Saboda aikin da bai wuce kwana 15 ko 20 a shekara ba, sai dangi su dage cewa lallai sai Hilux ko Land Cruiser. A zuba gumin shekara biyar, a bar wa ƙane ko mai ɗaki motar da tankinta ya fi tukunyar gidan ci.

Motar da za ta yi kwana 300 tana zirga-zirga tsakanin gida, kasuwa da makaranta, don waɗannan kwanakin ya kamata a saye ta. Jan kaya sharaɗi ne na biyu, kuma matsakaiciyar mota mai shan fetur tana iya cika shi idan an san iyakarta.

A fara da kuɗin mai. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, ta kuma sauko da gazuwal daga 668 zuwa 618. A ɗauki magidancin da ke yin kilomita 40 a rana, kwana 300 a shekara, jimla kilomita 12,000. Idan Corolla ce mai shan kimanin lita 7 da rabi a kowane kilomita 100, zai sayi lita 900, kusan jika 450 a kan wannan farashin. Idan RAV4 ce mai inji 2.0 da ke shan lita 9 da rabi, kuɗin zai kai wajen jika 570. Babbar Land Cruiser mai fetur da ke shan lita 16 kuwa za ta lashe kusan jika 960. Tsakaninta da Corolla akwai rabin miliyan duk shekara, ba a ma zo maganar taya, baƙin mai da inshora ba. Wanda ke tura kuɗin daga Abijan shi ne zai riƙa cike wannan giɓin, ko kuma motar ta koma ado a ƙarƙashin rumfa.

Zamanin da ake raina wannan lissafin ya wuce. A da, man da 'yan ruwa-ruwa ke shigowa da shi daga Najeriya ta Konni yana da arha har ba a damu da abin da inji ke sha ba. Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan rijiyar ta ƙafe. Nauyin ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kuma a watan Maris na 2025 kowa ya ga dogayen layukan da ƙarancin fetur ya haifar a gidajen mai na ƙasar. A irin wannan ranar, mai motar da lita goma ke kai wa kwana uku shi ke da 'yanci.

Wasu za su ce to a sayi mai gazuwal, tunda ba ta shan mai sosai kuma ta fi ƙarfin ja. Gaskiya ne injin gazuwal ya fi jan kaya. Amma a Nijar, a farashin Yulin 2024, litarsa ta fi ta fetur tsada da sefa 119, kuma injinan gazuwal na Turai da aka ƙera daga wajen 2010 zuwa yau suna ɗauke da matatar hayaƙi da ke toshewa idan motar gajeriyar tafiya kawai take yi cikin gari. Bututun feshin mansu ma ba sa jure gurɓataccen mai, ga gyaransu da tsada. Tsohon injin gazuwal marar kwamfuta wani abu ne daban, sai dai samun mai lafiya a cikinsu yanzu sai an tona.

Abin da ya rage shi ne motoci biyu ko uku da kowane bakanike a Tahoua ya san cikinsu. Wanda tafiyarsa ba ta sauka daga kwalta, daga Tahoua zuwa Badagishiri, Konni ko Yamai, Corolla ko Avensis mai dogon baya ta ishe shi. Wanda ke shiga hanyoyin burji na Keita da Bouza, inda duwatsun Adar ke fasa tukunyar baƙin mai ta ƙasan mota, gara ya ƙara jika 120 ɗin nan a shekara ya ɗauki RAV4 mai fetur, saboda tsayinta daga ƙasa. Kuma in da hali, mai giyar hannu. Giyar otomatik tana zafi idan tana jan kaya, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kuma idan ta ƙone kuɗin gyaranta ya kusa sayen wata tsohuwar mota. Kulocin giyar hannu kuwa ana canza shi da rana ɗaya. Masu sha'awar Prius saboda ƙarancin shan mai su sani cewa kamfanin Toyota bai amince a ja tirela da samfuran da suka gabaci na 2016 ba.

Sunan mota kaɗai ba ya faɗin nauyin da za ta ja. Wannan ne wurin da masu saye suka fi sakaci, alhali amsar tana manne a jikin motar. Motar da aka ƙera don kasuwar Turai tana da 'yar faranti ko takarda a jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji, mai ɗauke da lambobin nauyi huɗu. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da mutanenta da kayanta. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota haɗe da tirela. A cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne abin da za ta iya ja, amma da sharaɗin tirelar tana da nata birkin. Tirelar da masu walda ke haɗawa a gari ba ta da birki, kuma ƙa'idar Turai ba ta yarda irinta ta wuce kilo 750 ba komai girman motar. Ga Corolla da yawa iyakar kilo 450 ce. RAV4 ɗin da aka ƙera don Amurka mai silinda huɗu, irin ta 2006 zuwa 2012, an ƙayyade mata kusan kilo 680, ƙasa da abin da aka rubuta wa 'yar'uwarta ta Turai. Ɗan bidan da ke ciniki ta waya ya nemi a turo masa hoton wannan farantin kafin hoton kujeru.

A mayar da lambobin nan zuwa kayan da aka sani. Nauyin tirelar kanta yana cikin lissafi. Idan ta kai kilo 150, Corolla ta rage da kilo 300, wato buhun simintin Malbaza shida, ko buhun gero uku. Tirela mai kilo 200 a bayan motar da aka yarje wa 750 za ta ɗauki siminti 11. Buhun albasar Galmi idan an cika shi har da hula yakan haura kilo 100, don haka biyar sun isa. Duro biyu na ruwa kilo 400 ne, kuma duron da ba a cika ba ya fi cikakke haɗari, domin ruwan na kaɗawa yana jefa tirela gefe da gefe. Wanda ya saba ganin an lafta wa tsohuwar 504 kaya har tana jan ciki zai ga waɗannan lambobin kamar wasa. Matsalar ba ta fitowa lokacin tashi. Tana fitowa ne a gangare, lokacin da jaki ya tsallaka hanya, birkin da aka yi wa mota ɗaya ya zama shi zai tsayar da mota da rabi.

Maƙalar ma abin dubawa ce. Ƙarfen da aka yi wa walda a jikin bamba ko aka ɗaure da ƙusa biyu a ƙasan but ba maƙala ba ce. Ta gaskiya ana ɗaure ta ne a ramukan da kamfani ya tanada a ƙashin motar, da sarƙar tsaro da fitilun baya masu aiki. A ɗora kaya mafi nauyi a ɗan gaban tayoyin tirela, domin idan nauyin ya koma baya za ta fara rawa da zarar gudu ya ƙaru. Kafin tafiya a wanke lagireto, a kakkaɓe matatar iska da ƙurar hunturu ta cika, a bar gudu a ƙasa.

Akwai inda wannan shawarar ba ta kai ba. Mai dabbobi a arewacin Abalak ko Cintabaraden, wanda rijiyarsa ke nesa da kowace kwalta, rairayi ba zai bar RAV4 da tirela su wuce ba. Shi Hilux ko Land Cruiser kayan aiki ne, kuma ita ce motarsa ta kullum. Ko shi ɗin ma yana da abin tunani, domin irin waɗannan motocin ne 'yan bindiga suka fi kwaɗayi, a yankin da Tillia da Tassara suka shiga dokar ta-ɓaci tun 2017. Mazaunin garin Tahoua da ke zuwa can sau biyu a shekara bai da dalilin ɗaukar wannan kasadar da wannan kuɗin man.

Ranar da kayan suka wuce ƙarfin 'yar tirela, kamar tan biyu na siminti ko albasar lambu guda, akwai masu a-kori-kura a tasha da ke jiran irin wannan aikin. Ko sau goma aka yi hayarsu a shekara, da wuya kuɗin ya kama ƙafar rabin miliyan ɗin da babbar mota ke ƙonawa a banza tsakanin gida da makaranta. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motoci da kayan gyara da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso kafin su iso, kuma kowane kilomita na wannan zagayen mai saye ne ke biyansa. Kafin a biya kafin alƙalami, a kai motar wurin bakaniken da zai riƙa gyara ta a Tahoua, a tambaye shi ko famfon ruwanta da kulocinta suna nan a kasuwar gari ko sai an aika Konni.