Fadamar da Guguwa Ta Naɗe Kamar Tabarma

 Yau mu ajiye allura da zare tukuna, in kai ku yawo cikin jirgin ruwa a wata ƙasa mai nisa.

Kun san hadarin damina a nan wajenmu daga gabas yake tasowa, ya yi yamma. To, in ya wuce mu ina yake zuwa? Galibi yakan mutu a hanya. Amma wani yakan ratsa har bakin teku wajen Sanigal, ya faɗa Tekun Atlantika. In ya tarad da ruwan da ɗumi sai ya yi ta shan tururi yana juyawa, yana ƙara ƙarfi, har ya zama mahaukaciyar guguwa mai faɗin ɗaruruwan mil. Da yawa daga cikin manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka haka suke somawa. Mutanen can sukan raɗa wa kowacce suna, kamar jaririya.

Jihar da ta fi shan wuyarsu, ko kuwa tana cikin na gaba, ita ce Luwiziyana, inda Kogin Misisifi yake shiga teku. Babban birninta na kasuwanci shi ne Niyu Oliyans. Ran 29 ga Agusta,
2005 ba za ta fita daga ran mutanen wannan birni ba, don ran nan ne guguwar Katrina ta zo, ganuwar da ke tare ruwa ta fashe, kashi huɗu cikin biyar na garin ya nutse, mutum fiye da 1,000 suka halaka. Bayan wannan Gwamnati ta kashe dala miliyan dubu 14 da ɗoriya ta sāke gina ganuwar. Shekara 16 cif, watau ran 29 ga Agusta, 2021, sai ga wata guguwar, sunanta Aida, tana gudun mil 150 a awa. Wannan karon ganuwa ta riƙe, birni bai nutse ba. Amma fa ba kowa ne ke cikin ganuwa ba.

Akwai wani ƙaramin gari na masunta kudu da birnin, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota, ana kiransa Lafit. Sunan wani ɗan fashin teku ne da ya yi zamani a wurin shekara 200 da suka wuce. Sana'ar mutanen garin kamun jatan lande da ƙaguwa. (Miyar da suka fi ji da ita, gambo, da kuɓewa ake yawan yinta, har da yauƙinta. Da kun gani kun ce daga ɗakin girkinmu ta fito.) Daga nan baƙi suke shiga jirgi a zaga da su cikin fadamar Baratariya, ni ma a nan na shiga a 2024, shekara uku bayan Aida.

In na ce fadama kada ku zaci irin tamu ta rake da albasa. Wannan ruwa ne da ciyawa da kurmi iyakar ganinku, ga hanyoyin ruwa sun ratsa ko'ina kamar lungunan tsohon gari. Jiragen iri biyu ne. Akwai mai ƙatuwar fanka a baya, mai gudu da ƙara har sai an toshe kunne. Akwai kuma mai rumfa da benci, mai tafiya a hankali. Wanda ke son ya ga abu ya shiga na biyun.

Yawancin baƙi kada suka zo gani, kuma sun gani. Matuƙin jirgi yakan jefa wata farar alewa mai laushi a ruwa, kada ya taso ya cafke, a yi ta tafi ana ɗaukar hoto. Ni dai wannan bai gamshe ni ba. Naman daji in ya saba karɓar abinci a hannun mutum, wata rana hannun zai karɓa.

Da muka ƙara shiga ciki sai surutu ya ragu. Akwai wani itace da suke kira saifires, dogo, mai ƙaton gindi kamar na rimi, yana tsaye cikin ruwa, saiwoyinsa sun ɓullo kewaye da shi kamar turaku. A rassansa wata ciyawa mai launin toka tana reto kamar gemun tsoho, da ita mutanen dā suke cusa katifa. Inda itatuwan ke da rai, wurin gwanin sha'awa, ga inuwa ga tsuntsaye. Amma a wasu wuraren sai ku ga sun mutu a tsaye, ba ganye, ba ɓawo, fari fat. Mutanen wurin suna kiran irin wannan kurmin fatalwa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ba iska ce ta kashe su ba. Saifires yana da jimirin iska ƙwarai, guguwa takan kayar da sauran itatuwa ta bar shi. Gishiri ne ajalinsa. Guguwa takan turo ruwan teku ya hau ƙasa, in ya samu kwari ya kwanta, sai gishirin ya jiƙa ƙasar ya ƙone saiwa. Duk wadda ta taɓa zubar da ruwan kanwa a gindin shukarta ta san yadda abin yake. Sa'an nan kuma irin wannan itace ba ya tsirowa a ƙarƙashin ruwa, sai ƙasa ta ɗan tsane. Inda ruwa ya zauna dindindin, in uwa ta mutu ba 'ya'yan da za su gaje ta.

Gaba kaɗan muka fita wani fili na ruwa mai faɗi, kamar tafki. Matuƙin ya nuna mana cewa kafin 2021 wurin nan duk ciyawa ne. Ashe wani sashe na fadamar nan ba a kan ƙasa yake ba. Saiwoyin ciyawa ne suka saƙu da juna suka yi kauri, suna yawo a bisa ruwa kamar tabarma, har mutum ya iya takawa yana jin tana lotsawa. Aida ta zo ta yage ta, ta naɗe, ta watsar. Ma'aikatan safiyo na Gwamnatin Amurka sun auna, suka ce wajen mil murabba'i 100 na fadamar wannan yanki ya koma ruwa. Taɓon da ciyawar kuwa cikin Lafit aka juye su. Ruwa ya tsallake 'yar ganuwar garin, ya shiga gidaje da makarantu, da ya janye ya bar laƙa a tituna da ɗakuna. Ku dubi halin uwargida da ta dawo ta tarad da gadonta, da tukwanenta, da akwatin kayanta, duk cikin baƙin taɓo mai wari, ga zafi, ga babu lantarki. Yara kuwa sai da aka riƙa kwasarsu a mota zuwa makarantun wasu garuruwa.

Kada mu ɗora wa guguwa laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ƙasa tun asali Misisifi ne ya gina ta da laƙar da yake kawowa in ya yi ambaliya. Bayan babbar ambaliyar 1927 aka killace kogin da ganuwa hagu da dama, laƙar ta daina bazuwa, ta riƙa wucewa cikin teku. Ƙasa tana lotsawa, ba mai cikowa. Masu haƙar man fetur suka yanka hanyoyin ruwa miƙaƙƙu cikin fadamar don jiragensu, ruwan gishiri ya samu titi. Masu katako sun riga sun sare manyan itatuwan tun wajen 1900. Har da wani ɓera mai kama da gafiya, da aka kawo daga Amurka ta Kudu don fatarsa, ya yaɗu yana cin saiwar ciyawa, har Gwamnatin jihar ta sa lada ga duk wanda ya kawo wutsiyarsa. Daga 1932 zuwa 2016 Luwiziyana ta yi hasarar ƙasa wajen mil murabba'i 2,000. 'Yan makaranta, ku duba taswira, wannan ya kai rubu'in Jihar Kano.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Fadamar nan ita ce dangar garuruwan, ita ke rage wa ruwan teku ƙarfi kafin ya iso gida. Kowace guguwa ta ci wani sashe, mai zuwa bayanta sai ta samu hanya a buɗe.

A kan hanyarmu ta komowa na zuba wa gidajen bakin ruwa ido. Masu hali sun ɗaga nasu bisa dogayen ginshiƙai, sama da tsayin mutum biyu, kamar rumbu a kan duwatsu. Na tuna tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu ɗauke da kayan cefane, kullum sai sun hau wannan matakala. Wasu gidajen har lokacin da shuɗin tamfol a rufinsu. Wasu kuwa ba gidan, sai dandamalin siminti da matakala da ba ta kai ko'ina. Kuɗin inshorar gida ya yi tsada ƙwarai bayan Aida, kamfanoni wajen 12 sun karye a jihar, don haka wanda ruwa bai kora ba, kuɗi na iya korarsa.

Waɗanda suka zauna ba su naɗe hannu ba. Ana haƙo laƙa a tura ta cikin bututu a cike inda ya zama ruwa, 'yan makaranta da masu aikin sa kai suna dasa 'ya'yan saifires inda gishiri bai yi yawa ba, suna sa wa kowanne kariyar roba don kada ɓeran nan ya cinye. Kowane watan Janairu kuma, in an gama bikin Kirsimeti, akan bi gida gida a tara itatuwan da aka yi ado da su, a ɗauko a jirgi a jera su cikin shinge a bakin fadamar kusa da Lafit, su karya igiyar ruwa, laƙa ta kwanta a bayansu.

Sai mako mai zuwa.