Harajin Gida A Legas: Mu Koyi Lissafinsa Da Kanmu

Jama'a, akwai wata takarda da kan zo sau ɗaya a shekara, a liƙa ta a ƙofar gida ko a miƙa wa wani yaro, wadda da yawa daga cikin 'yan'uwanmu 'yan Arewa masu gidaje a Agege da Idi-Araba da Obalende ba su ɗauke ta a bakin kome ba. Wani ya jefa ta cikin akwati, wani kuwa da ganinta sai cikinsa ya ɗuri ruwa, ya nemi ɗan kamasho ya danƙa masa kuɗi don ya “kashe maganar”. Duka biyu kuskure ne. Wannan takarda ita ce ta harajin gida, kuma abin da nake so in faɗa shi ne lissafinta ba ya fi ƙarfin mutumin da ya iya lissafin buhunan goro ko kawunan shanu.

Dalilin da ya sa abin yake yi mana baƙo ba ɓoyayye ba ne. Mu a gida mun saba da harajin kai da jangali, watau a ƙidaya mutum ko dabba a ɗora musu kuɗi, har zuwa 1979 lokacin da gwamnonin jam'iyyar PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su. A nan kuwa ba kai ake ƙidayawa ba, darajar gidanka ake kimantawa. Tsarin Mulki na 1999 ya sa kimanta gidaje don karɓar haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ban da wannan, Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ya sa mai takardar mallakar fili yake biyan kuɗin ƙasa.

A Jihar Legas, a shekarar 2001, zamanin mulkin Gwamna Bola Tinubu, aka haɗa harajin gida da kuɗin ƙasa da kuɗin gyaran unguwa suka zama abu guda, wanda za ka ga an rubuta sunansa da Turanci a kan takardar, Land Use Charge. A 2018 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta yi sabuwar doka wadda ta ɗaga kuɗin ƙwarai, jama'a suka yi ca, har aka yi zanga-zanga. A 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta gyara dokar, ta mai da ma'aunin yadda yake kafin 2018.

To, yaya ake lissafin? Da farko a auna faɗin filinka, a yi masa kuɗi bisa darajar ƙasa a unguwarku. Na biyu a auna ginin, a yi masa kuɗi, a rage wani abu saboda tsufa. Sai a haɗa biyun, a zubar da kashi 40 cikin 100 a matsayin rangwame ga kowa. Abin da ya rage shi ake ɗora wa haraji. Bisa ma'aunin da aka tsayar a 2020, gidan da mai shi yake zaune a ciki shi da iyalinsa kaɗai, Naira 394 ne a kan kowace miliyan ɗaya. In yana ciki tare da 'yan haya, Naira 1,320. In kuwa duk na haya ne ko na kasuwanci, Naira 3,940.

Bari mu yi misali. A ce filinka ya kai Naira miliyan 30, ginin kuma miliyan 20 bayan an cire tsufa. Jimla miliyan 50 ke nan. A zubar da kashi 40, saura miliyan 30. In kai kaɗai ne da iyalinka, harajin shekara ya kama Naira 11,820. In akwai 'yan haya tare da kai, Naira 39,600. In ka koma Kano ka bar gidan duka a hannun 'yan haya, Naira 118,200. Gwamnati takan sake duba ma'auni da darajar unguwanni, saboda haka a dubi wanda aka rubuta a takardar bana, amma hanyar lissafin ke nan.

Mai karatu ya lura, gida ɗaya ne, amma kuɗin ya ninka har sau goma saboda ajin da aka sa shi. A nan ne mutanenmu suke cutuwa. Gidan Bahaushe a zango ba ya rabuwa da baƙi: ga ɗan'uwa da ya zo fatauci, ga almajiri, ga wanda ya sauka kwana biyu ya zarce wata shida. Ma'aikacin da ya leƙo ya ga zaure cike da mutane, ko ya ga tebur a ƙofa ana sayar da goro, yana iya rubuta gidan haya ko wurin kasuwanci. In ba ka karanta ba, ba ka yi magana ba, haka za ka yi ta biya.

Alhali kuwa doka ta ba ka baki. Akwai kotun musamman ta sauraron ƙorafin kimantawa, inda za ka kai kuka in an ƙara wa filinka faɗi ko an sa gidanka a ajin da ba nasa ba, muddin ka yi cikin wa'adi. Dokar ta kuma yafe wa wuraren ibada da maƙabartu, da gidan da ɗan fansho ya mallaka yake zaune a ciki. Mai biya da wuri yana samun ragi, mai jinkiri kuwa tara ce take hawa kansa, kuma bashin yana nan kan gidan har ya iske magada.

Na san wani zai ce, don me zan biya alhali kwatar unguwarmu a toshe take, hanya kuwa sai an tattare riga? Wannan kuka gaskiya ne, kuma ba mu kaɗai muke yinsa ba. Amma wanda yake riƙe da rasit shi yake da bakin tambayar inda kuɗinsa suka shiga. Wanda ya ba ɗan kamasho a bayan gida ba shi da abin nunawa, ga kuɗi sun tafi, ga bashi yana nan. Kuma ko da yake rasit ba takardar mallaka ba ce, tarin rasit na shekara da shekaru da sunanka yana ƙarfafa hujjarka ranar da wani ya taso da rigimar fili, abin da baƙo a garin mutane bai kamata ya raina ba.

Saboda haka ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu, a Legas da Sabon Ibadan da Shagamu da sauran zangogi, su sa yaranmu masu ilmin boko su zauna da dattawa su karanta musu waɗannan takardu, domin kowace jiha da irin tata dokar. Kai kuma maigida, duba abu huɗu: sunanka, faɗin filinka, ajin gidanka, da ranar biya. Ka biya ta banki ko ta hanyar da gwamnati ta rubuta a takardar, kada ka ba kowa tsaba a hannu, ka adana rasit tare da takardun gida. Matambayi dai ba ya ɓata.