Hodar Bombai a fuskar Baudeta

Sanin kowa ne cewa babu wata ƙasa ta nesa da ta shiga ɗakin matan Hausawa kamar Indiya. Tun cikin shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinanta birnin Kano, daga nan suka bazu ko'ina cikin ƙasar Hausa, har Maraɗi da Damagaram. Bayan sinima aka shiga zamanin bidiyo, yau kuwa ga su cikin wayar hannu, an ma fassara su da Hausa, ana kallon su a ƙauyukan Baudeta cikin gundumar Tasawa, da na Mayahi maƙwabciyarta. Yarinyar da ta tashi tana kallon waɗannan taurari na Bombai, birnin da ake kira Mumbai tun 1995, takan ɗauka cewa kowace ƴar Indiya fara ce sol, kuma hodar da ta karɓi tauraruwa za ta karɓi kowa. Daga wannan zato ne ɓarnar kuɗi take farawa, wani lokaci ma har da ɓarnar lafiya.

Alhali kuwa Indiya ƙasa ce mai mutane sama da miliyan 1400, kuma launin fatarsu iri-iri ne kamar na mutanen Nijar. Akwai farare a wasu yankunan arewa, akwai wankan tarwaɗa masu ɗimbin yawa, akwai kuma baƙaƙe wuluk, musamman a jihohin kudu irin su Tamil Nadu da Kerala. Masu shirya fim ne suka daɗe suna tsince farare, suna ƙara masu hoda da hasken fitila. Saboda haka idan za a kwatanta, fuskar mace manomiya ta kudancin Indiya ta fi kusa da ta matar Baudeta a kan ta tauraruwar da ake gani cikin waya, kuma damuwarsu a gaban madubi ɗaya ce: yaya mace mai duhun fata za ta yi kwalliyar yau da kullum ta fito tsaf, ba tare da ta koma kamar wadda ta fito daga injin niƙa ba?

Su kansu mutanen Indiya sun sha fama da wannan al'amari. A 1975 kamfanin Hindustan Lever ya fito da man shafawa mai suna Fair & Lovely, wato fara kyakkyawa, ya yi shekaru yana talla da hoton yarinyar da ba ta samu aiki ko miji ba sai da ta yi haske. A 2009 wata ƙungiyar mata ta birnin Chennai ta soma gangamin da ta kira Dark is Beautiful, ma'ana baƙi ma kyakkyawa ne, kuma a 2013 ƴar wasa Nandita Das, wadda ita ma mai duhun fata ce, ta mara masa baya. A 2014 hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a ƙasar ta fitar da ƙa'idojin da suka hana nuna baƙar fata a matsayin naƙasu. A ƙarshe, cikin 2020, kamfanin ya cire kalmar fari daga sunan man, ya mayar da shi Glow & Lovely. Wato gidan da ake kwaikwayo ya fara gyara kansa, masu kwaikwayo kuwa ba su samu labari ba.

Abin lura shi ne, tushen kwalliyar matan Indiya na yau da kullum bai bambanta da na Hausawa ba. Lallen da suke kira mehndi shi ne dai itacen lallen da ake shukawa a ƙasar Hausa. Baƙin da suke zizarawa a ido, mai suna kajal, ɗan'uwan kwalli ne, sai dai na gargajiyarsu da baƙin hayaƙin fitila ake yin sa, a kwaɓa da man shanu ko man zurma. Kurkum da suke shafa wa amarya kafin ɗaurin aure yana cikin kayan dilkar da ta zo daga Sudan ta hanyar Chadi da Barno. Kakannin matan Tasawa kuwa sun san tandun kwalli, da katambiri da ake zane da shi a goshi da kumatu, da goro da furen taba masu rina baki, da man shanu da shuni don kitso. Duk waɗannan kaya an zaɓe su ne don su fito da launin da mace take da shi, babu ɗaya cikinsu da aka yi don ya sake mata fata.

To, daga ina matsalar hoda ta fito? Yawancin kayan shafe-shafen da ke isa kasuwannin ƙauye daga Kano suke tasowa, su ratso iyaka ta Katsina ko ta Daura, su faɗa hannun ɗan koli mai baza haja ranar kasuwa, ko dillaliya mai bi gida-gida. Ɗan koli ba ya iya ɗaukar launi goma. Yakan sayi biyu ko uku masu araha, galibi waɗanda aka yi wa fata mai haske a Asiya. Irin wannan hoda cike take da farin gari, kuma farin gari a kan baƙar fata toka-toka yake komawa, fuska ta yi furu-furu, wuya da kunnuwa su tsaya da launinsu, idan gumi ya keto kuma sai ya yi ta zana hanyoyi. Ba a ƙauye kaɗai aka yi wannan rashi ba. Har a Amurka sai da mawaƙiya Rihanna ta fito da kayanta na Fenty Beauty a 2017 da launi 40 kafin manyan kamfanoni da yawa su farga cewa baƙaƙen mata ma suna da kuɗin saye.

Hanyar zaɓen hoda ba ta da wuya. Kada a gwada ta a bayan hannu, domin launin hannu daban yake da na fuska. A ɗiga kaɗan a gefen muƙamuƙi, tsakanin kumatu da wuya, a fita waje a duba cikin hasken rana. Wadda ta ɓace cikin fata har ba a ganin iyakarta, ita ce ta dace. A kuma lura da abin da ke ƙarƙashin launin: wata baƙar macen fatarta tana da ɗan ja kamar makuba, wata kuma tana da ɗan rawaya kamar zuma. Mai ja ta guji hoda mai rawaya da yawa, mai rawaya ta guji mai ruwan hoda. Idan ba a samu daidai ba, gara a ɗauki wadda ta ɗara fata duhu kaɗan da a ɗauki mai haske, ko a gauraya biyu a murfin kwano. Sa'an nan a taƙaita: goshi, da hanci, da haɓa, inda maiƙo ke taruwa, sun isa. Macen da za ta yi alwala sau biyar a yini, ta yi daka, ta je rijiya, ba ta da buƙatar hoda mai kauri irin ta ranar biki.

Kowane lokaci na shekara kuma da abin da yake so. Cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska takan busar da fata har leɓe ya tsage, don haka mai ya fi hoda amfani. Man kaɗanya ɗan kaɗan, a shafa shi jiki na da sauran damshin wanka, ya wadatar, har a leɓe. Cikin bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a jahar Maraɗi, mai da yawa toshe ƙofofin gumi yake yi ya jawo ƙuraje, sai a rage. Jan baki kuwa, launuka masu duhu su ne abokan baƙar fata: jan goro, da ruwan zoɓo, da ruwan ƙasa. Masu haske irin na taurarin fim sukan sa leɓe ya yi kamar an lashi gari. Jagira ma ruwan ƙasa mai duhu ta fi baƙa ƙirin laushi a fuska. Da dare a wanke komai da ruwa da sabulu marar ƙarfi kafin a kwanta.

Sai dai gargajiya ma tana da inda za a yi hattara da ita. Dutsen kwalli mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa ma'adinin darma ne, haka ma surma na Indiya da Pakistan. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu darma ta yi yawa cikin jininsa; da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 darma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, darma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnarta ba ta gyaruwa. Wanda ya tuna yara ɗaruruwa da gubar darma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Don haka jariri da mace mai ciki su nisanci kwallin dutse. Kuma kowace mace ta riƙe nata tsinken kwallin, domin amodari da sauran ciwon ido ta ruwan ido suke yaɗuwa daga wannan zuwa wancan.

Haka batun lalle. Lalle na gaskiya ja ne ko ruwan goro, kuma sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya kama. Baƙin da ke kamawa cikin ɗan lokaci galibi an zuba masa sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda kan sa fatar wasu ta kumbura ta yi bororo, ta bar tabo daidai da siffar zanen. Amaryar da za a yi wa ƙunshi, ya kamata a gwada mata ɗigo ɗaya a hannu kwana biyu kafin ranar.

Babbar musiba dai ita ce ta man bilicin, wato mai sauya launin fata. A wata takarda ta 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta kawo adadin matan da ke shafa irin wannan mai a kai a kai: kashi 77 cikin 100 a Nijeriya, 59 a Togo, 27 a Senegal, 25 a Mali. Abubuwa uku ne aka fi samu a cikinsa. Na farko hidrokinon, wanda ke hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi, alhali wannan sinadari shi ne garkuwarta daga rana. Idan aka daɗe ana shafawa sai baƙin tabo mai wuyar magani ya fito a kumatu, gaɓoɓin yatsu kuma su tona asiri. Na biyu magungunan kortizon masu ƙarfi, irin su klobetazol, da aka yi don ciwon fata bisa umarnin likita. Suna sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, makero da ƙuraje su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, har su kai ga hawan jini da ciwon sukari. Na uku zaiba, wadda Faransawa ke kira merkur. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma ratsawa zuwa ɗan tayi da nonon uwa. A nan ne karin maganar nan take cika: garin neman gira an rasa ido.

Ƙasashe da dama sun ɗauki mataki. Tarayyar Turai ta hana hidrokinon cikin kayan shafawa tun 2001. Kodebuwa ta haramta man bilicin a 2015, Gana da Ruwanda suka biyo baya. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta ƙayyade zaiba cikin kayan kwalliya, a 2023 kuma ƙasashen da suka sa mata hannu suka amince a hana ta ɗungurungum. Amma doka a takarda ba ta isa faifan ɗan koli ba, kuma kwalbar da aka juye daga wata kwalba ba ta da rubutun da za a karanta. Abin da ya rage shi ne ma'aikatan duwan su riƙa duba irin waɗannan kaya a kan iyaka, ma'aikatan gidajen likita na karkara su sa zancen cikin bayanin ranar awon ciki, gidajen rediyon karkara kuma su maimaita shi da harshen da kowa ke ji. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa mai kortizon kuwa, kada ta yanke shi dare ɗaya. Ta je wurin likita a rage mata sannu a hankali.

Maza ma suna da nasu kason laifin. Muddin saurayi yana cewa fara ko mayya ce, muddin ana zuba man bilicin cikin akwatin aure, muddin uwargida tana ganin an fifita amarya don ta fi ta haske, to ɗan koli ba zai rasa ciniki ba. Kuɗin da ake kashewa wata-wata kan man da ba a iya barinsa, da an sa su a sabulu da man kaɗanya da hoda ɗaya mai kyau, da sun kai shekara, har a samu rarar kuɗin cefane. Matan Baudeta da na Mayahi sun gaji kwalliyar da ta san rana, ta san hunturu, ta san launin masu yin ta. Abin da ake nema gare su shi ne su tace ta, su zubar da mai cutarwa, su ƙara da sabon da ya dace da fatarsu. A nan ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Allah ya sa a gane.