The Cramps: Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi

A ƙarshen shekarar 2022, lokacin da Netflix ta saki shirin Wednesday, da wuya ka leƙa TikTok ba ka ci karo da rawar nan ta Jenna Ortega ba: baƙar riga, ido a zare, hannaye na wutsil-wutsil kamar ba a jikinta suke ba. Waƙar da take takawa a cikin shirin sunanta Goo Goo Muck, ta wata ƙungiyar mawaƙan Amurka ce mai suna The Cramps, kuma tun 1981 suka fitar da ita. To amma ba a jima ba masu kwaikwayon rawar suka cire waƙar, suka ɗora wata ta Lady Gaga da aka ƙara wa sauri. Rawa ta yi suna, masu kiɗan kuwa aka bar su a baya.

Wannan abu ya tsaya mana a rai, shi ya sa filin namu na wannan makon ya ce bari ya biya bashi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: wanda ya san The Cramps ta guntun bidiyo na daƙiƙa 15 bai san su ba. Ƙungiya ce da darajarta take kan dandamali, gaban mutane, cikin gumi da ƙara. Kuma akwai darasi a cikin yadda suka riƙi wannan sana'a shekara 30.

Mu fara da su wane ne. Ginshiƙan ƙungiyar mutum biyu ne, mata da miji: Lux Interior mai rera waƙa, da Poison Ivy mai kaɗa jita. Sunayen wasa ne, na yanka su ne Erick Purkhiser da Kristy Wallace. Sun haɗu a garin Sacramento na jihar Kalifoniya a 1972, suka ɗan zauna a Akron ta jihar Ohio, sannan suka tattara suka koma New York. A can suka kafa ƙungiyar, suka fara wasa a 1976 a wani ƙaramin kulob mai suna CBGB, inda su Ramones da Blondie da Patti Smith suka yi tashe. Zamanin kiɗan punk ne, wato kiɗan matasan da suka gaji da ƙyale-ƙyalen manyan taurari, suka ce ko layi uku ka iya a jita, hau ka yi.

Inda The Cramps suka bambanta da sauran shi ne, su baya suka waiwaya. Sun ɗauko rockabilly, kiɗan da ya tashi a kudancin Amurka a shekarun 1950 daga cakuɗuwar kiɗan turawan karkara da na baƙaƙen fata, irin wanda Elvis Presley ya fara da shi a kamfanin Sun Records na Memphis a 1954. Suka zuba masa zafin punk, suka barbaɗa masa labaran dodanni da fatalwa na tsofaffin fina-finan ban tsoro masu arha. Da za su buga takardun tallan wasansu, sai suka ari kalmar psychobilly daga wata waƙar Johnny Cash ta 1976, One Piece at a Time. Su dai sun sha cewa dabarar jan 'yan kallo ce kawai, ba su yi niyyar ƙirƙiro sabon salo ba. Amma suna ya riga ya bi su.

Waɗanda suka mayar da abin salo mai zaman kansa 'yan Ingila ne. The Meteors sun kafu a Landan a 1980, kuma daga 1982 zuwa 1988 wani dandali mai suna Klub Foot a unguwar Hammersmith ya zama matattarar masu wannan kiɗa. Daga nan ya bazu zuwa Jamus da Holan da Danmak, inda a 1989 aka samu Nekromantix, masu kaɗa ƙaton bes da aka sassaƙa da siffar akwatin gawa. Duk da haka, in aka bi salsala, sai an dawo kan Lux da Ivy.

To, me ya sa ake ta maganar wasansu na kai-tsaye? Na farko, kayan aikinsu kaɗan ne. A shekarun farko jita biyu ce da ganga, ko bes ba su da shi sai wajen tsakiyar shekarun 1980. Babu inda mutum zai ɓuya. In ka yi kuskure kowa ya ji, in ka yi daidai kowa ya shaida. Na biyu, rabon aikin da ke tsakanin ma'auratan. Lux shi ne guguwar: ya hau kan lasifika, ya yi birgima a ƙasa, ya cusa makirufo a baki yana gurnani, ya lanƙwasa sandar makirufon har ta tashi daga aiki. Ivy kuwa tana gefe a tsaye ƙyam, fuska a murtuke, ko murmushi babu, tana riƙe da kiɗan kada ya watse. Wanda ya kalli fitowarsu a fim ɗin Urgh! A Music War, inda suka yi Tear It Up, zai gane abin da muke faɗa. Gani ya kori ji.

A nan ya kamata a yi wa Ivy adalci. Sau da yawa ido kan tafi wajen mai tsalle-tsalle, a manta da mai riƙe da igiya. Ita ce ta tsara sautin jitar ƙungiyar, tare suka rubuta waƙoƙinsu, ita ta jagoranci naɗar faya-fayansu na baya-baya, kuma ita ke kula da harkar kuɗi da kwantiragi. A fagen da maza suka cika, mace ta riƙe ƙungiya shekara 30 ba ƙaramin abu ba ne.

Amma wasan da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne na ranar 13 ga Yuni, 1978. A ranar The Cramps, tare da wata ƙungiya daga San Francisco mai suna The Mutants, suka yi wasa kyauta a asibitin masu taɓin hankali na Napa a Kalifoniya. Masu ɗaukar hoto na Target Video sun naɗi wasan a bidiyo marar kala, kimanin minti 20, kuma har yau yana yawo a intanet. Hoton na rawa, sautin ma ba wani na a zo a gani ba. Amma ka zauna ka kalla. Babu shinge tsakanin makaɗa da majinyata, babu 'yan ƙato-da-gora masu ture mutane. Majinyata suna hawowa inda ake kiɗan, suna rawa, suna rungumar Lux, wasu har su fizge makirufo su yi ihu a ciki. Shi kuma bai kori kowa ba. Waƙa ta ci gaba, an raba ta da duk wanda ya miƙo hannu. A cikin wasan ma ya faɗa musu cewa an ce masa su mahaukata ne, amma shi bai ga alama ba, a wurinsa lafiyarsu ƙalau.

Jama'a, ku dubi wannan da kyau. Mutanen da duniya ta kulle ta juya wa baya, sai ga ƙungiya ta zo ta yi musu wasa da ƙarfinta duka, irin wanda za ta yi wa masu sayen tikiti a New York. Ba a rage zafin kiɗan don tausayi ba, ba a tsaya daga nesa ana ɗaga musu hannu ba. An ɗauke su 'yan kallo cikakku. Kowa ya san yadda ake yi da mai taɓin hankali a titunanmu: yara na jifa, manya na tsallakawa ɗaya gefen, wasu kuma a ɗaure a ɗaki. Ba sai ka so kiɗan The Cramps ba kafin wannan bidiyo ya sa ka yi shiru.

Akwai ƙorafin da za a iya yi, kuma ba za mu share shi ba. Wani zai ce, anya ba an mayar da marasa lafiya abin kallo ba? Tambaya ce mai nauyi. Ɗaukar majinyaci a kyamara ba tare da cikakken izininsa ba abu ne da ƙa'idar aikin jarida da ta asibiti ba su yarda da shi ba a yau, kuma daidai ne da aka tsaurara. Sai dai abin da ido ke gani a bidiyon bai yi kama da izgili ba. Wanda ya fi kowa fita hayyacinsa a wurin ai mawaƙin ne da kansa. Mutane ne ke nishaɗi tare, har ka kasa bambance wane ne baƙo, wane ne ɗan gida.

Ƙorafi na biyu ya fi kusa da mu. Gaskiya ce, shigar Lux a kan dandamali, da tsiraicin da yakan yi, da batsar da ke cikin wasu waƙoƙin, abubuwa ne da tarbiyyarmu da addininmu ba su lamunta ba. Ba mu zo wanke su ba, ba kuma mu ce wani ya kwaikwaya ba. Mai hankali yakan ci tuwo ya bar ƙashin kifi a gefen kwano. Abin ɗauka a wurinsu biyu ne.

Na farko, girmama na baya. Lux da Ivy mayun tara tsofaffin faya-fayai ne. Tun suna Ohio suke bin shagunan gwanjo suna tsinto fayafayan garmaho da kowa ya manta da su. Da yawa daga cikin waƙoƙin da aka san su da su ma na wasu ne suka raya. Goo Goo Muck ɗin nan asalinta ta Ronnie Cook ce, tun 1962. The Way I Walk ta Jack Scott ce, Surfin' Bird ta The Trashmen, She Said kuma ta Hasil Adkins, wani mutumin ƙauye daga West Virginia da ke kaɗa jita da ganga shi kaɗai a lokaci guda. Ba su ɓoye inda suka samo ba, suna faɗa da alfahari. Dalilin haka masoyansu suka shiga neman na asalin, har aka riƙa fitar da jerin faya-fayai na waƙoƙin da The Cramps suka tono. Miriam Linna, wadda ta taɓa yi musu kiɗan ganga a farkon tafiya, ita da mijinta Billy Miller suka kafa kamfanin Norton Records a 1986, suka sake fito da waƙoƙin Adkins, tsohon ya samu masu sauraro da rai da lafiyarsa. Hatta faifansu na farko cikakke, na 1980, a Memphis suka je suka naɗe shi tare da Alex Chilton, a garin da kiɗan ya samo tushe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu, riƙe amanar ɗan kallo. A farkon shekarun 1980 sun shiga shari'a da kamfanin I.R.S. da ke fitar da waƙoƙinsu kan batun haƙƙinsu, abin da ya tsayar da fitar sabon faifai na wani lokaci. Me ya riƙe su? Dandamali. Da suka dawo a 1983 ma, da faifan wasan kai-tsaye suka dawo, wanda aka naɗa a kulob ɗin Peppermint Lounge na New York. Ba su taɓa zama taurarin rediyo ba, ba su tara dukiyar a zo a gani ba. Mutanen da suka gan su ido da ido ne suka riƙa kai labari gaba, daga wannan gari zuwa wancan.

Yanzu mu tambayi kanmu. Sau nawa muka sayi tikitin wasa, ko muka je biki, aka kunna waƙa a kwamfuta, mawaƙi ya riƙe makirufo yana motsa baki yana cewa a ɗaga hannu? Wannan ciwo ne na ko'ina, har da nan gida. Alhali mu ba baƙin kiɗan kai-tsaye ba ne. Mamman Shata da makaɗan kalangunsa da 'yan amshi a fili suke ƙera waƙa, gaban jama'a. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kaɗai yake cika wuri. Barmani Choge da ƙwaryarta haka. Su waye a cikinmu ke bin tsofaffin kasa-kasan nan suna adanawa, yadda Lux da Ivy suka bi nasu? Wane matashin mawaƙi ne zai ɗauko tsohuwar waƙa ya sabunta ta, ya kuma faɗi sunan mai ita ba tare da an matsa masa ba?

The Cramps sun yi wasansu na ƙarshe a 2006, shekarar da aka rufe CBGB. Lux Interior ya mutu ranar 4 ga Fabrairu, 2009, yana da shekara 62, sakamakon tsagewar babbar jijiyar jini ta zuciya. Shekara 37 suka yi tare da Ivy. Ba ta nemi wani ya maye gurbinsa ba, ba ta ci gaba da yawo da sunan ƙungiyar don tara kuɗi ba. Ta rufe littafin ta koma gefe.

Saboda haka damar ganin su a zahiri ta wuce, sai abin da kyamara ta kama. Shawararmu ga mai karatu: in datarka ta kai, nemi bidiyon Napa ka kalle shi daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake. Sannan ranar da mawaƙin da kake so ya zo garinku, ka dubi dandamali da kyau ka ga ko akwai makaɗa a kai. In babu, ka tambaya. Kuɗinka ne, kuma kunnenka ne.