Kyamara Takwas, Ƙwaƙwalwa Ɗaya: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi

Duk ɗan kasuwar da ya shiga Alaba ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko neman kyamarorin tsaro, abin da ake fara tambayarsa shi ne guda nawa yake so. Haƙiƙa ba nan gizo ke saƙar ba. Kyamara ido ce kurum. Tsadar tana ga 'yar ƙwaƙwalwar da ke tace hoton, ta bambanta mutum da inuwa, ta karanta lambar mota.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Kyamara mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, mai ɗaukar hoto 30 cikin daƙiƙa guda, tana zubo ɗigo fiye da miliyan 62 kowace daƙiƙa. Ana iya dasa wa kowace kyamara ƙwaƙwalwarta, ana kuma iya tara su a kan ƙwaƙwalwa ɗaya su riƙa yin karɓa-karɓa. Ga mai rumbun kaya ko gidan mai, hanya ta biyu ta fi riba.

Dalili shi ne ba a lokaci guda kyamarori ke buƙatar aiki ba. Wadda ke ƙofar rumbu tana fama da safe, lokacin sauke kaya, ita kuwa ta bayan gida bango kawai take kallo har dare. Saya wa mai kallon bango cikakkiyar ƙwaƙwalwa tamkar ɗaukar akawu ne a shagon da ba ciniki. Tun a 2019 kamfanin Nvidia ya fito da Jetson Nano a kan dala 99, wadda ke cin wutar da ba ta wuce wat 10 ba, aka kuma tallata ta a matsayin mai iya sarrafa hotunan kyamara takwas. Bayan sakin Naira a 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga rukunin Band A zuwa Naira 225 a Afrilun 2024, kowace dala da kowane wat sun shiga lissafin uwar kuɗi.

Sai dai akwai inda takalmin ke matsa. Ranar gobara ko fashi, dukkan kyamarorin za su nemi ƙwaƙwalwar a tare, hotuna su yi layi, wasu su zube; idan kuma ta ƙone, wurin ya makance baki ɗaya. Dillalai ba su cika faɗin wannan ba. Saboda haka wajibi ne mai saye ya sa a rubuta masa wace kyamara ce ke da fifiko in an cunkushe, a bar rarar ƙarfi, a kuma ci gaba da naɗar hoto ko da tacewa ta tsaya. Ya tabbatar kuma kayan suna bin ƙa'idar ONVIF, wadda Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008, domin kyamarar wani kamfani ta iya aiki da na'urar wani.

Gwamnati ma tana da darasi a nan. Kwangilar dala miliyan 470 da aka ba ZTE a 2010, wadda ta haɗa da kafa kyamarori a Abuja da Ikko, ta bar sanduna a bakin titi, amma shekaru kaɗan bayan haka majalisa na binciken dalilin da ya sa ba sa aiki.