A Koya Wa Yaranmu Gyaran Motocin Zamani A Birnin Gwari

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da ya same ni, ko Allah zai sa wani ɗan'uwa manomi ko ɗan tireda ya tsira da kuɗinsa.

Ni manomi ne a nan Birnin Gwari, kuma ina taɓa 'yar tireda. Bayan an sake buɗe kasuwar Kara a watan Nuwamba na 2024, da na ga harkoki sun fara motsawa, sai na sayar da masarata na haɗa da kuɗin adashi na sayi mota 'yar Kwatano mai dogon baya, don in riƙa saro kaya daga Kaduna. Rufinta gilashi ne tun daga kan direba har kujerar baya, a ƙarƙashinsa kuma akwai labule mai aiki da lantarki, ka danna ya rufe, ka danna ya buɗe. Ranar da na kawo ta gida yara har shewa suke yi. Ni ma ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

To, da bazara ta kama, na kai mahaifiyata asibiti a Kaduna. Da sassafe na buɗe labulen. A kan hanyar dawowa, wajen Buruku, rana ta take, na danna ya rufe, sai ya ɗan matso kamar taki ɗaya ya koma. Na sake, haka. Duk wanda ya san hanyar nan ta Buruku zuwa Udawa ya san ba wurin da mutum zai so ya tsaya yana kwance-kwance ba ne, ko da yake an sami sauƙi. Haka muka yi sauran tafiyar rana na dukan tsohuwa marar lafiya a ka, ta lulluɓa da zane. Alewa da man shafawar da na saro kuwa duk sun narke a kwali.

Washegari na kai wa wani bakanike a gari. Bai tambaye ni komai ba, ya sa hannu biyu ya fizgi labulen da ƙarfi, sai na ji ƙas! Ya ce ai injin ya ƙone, sai dai a je Panteka a sayo kan rufin gaba ɗaya, ko kuma a shafe gilashin da baƙin fenti a huta. Na yi sati uku ina yawo da kwalin taliya manne a rufi.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai rewaya a Kaduna, shi ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma shi nake so jama'a su ji. Ya ce kafin a taɓa komai a fara kasa kunne. In ka danna ba ka ji motsin komai ba, to a duba fiyus tukuna, sannan makunnin da wayarsa, don sau da yawa abin bai wuce nan ba. In ka ji ɗan injin yana kuka amma labule bai motsa ba, to haƙoran giyar roba da ke ciki ne suka cinye, ko igiyar ƙarfen da ke jan labulen ta zame. In labulen ya tafi a karkace, ƙugiyar gefe ɗaya ce ta karye. In kuwa ya ɗan matsa ya dawo, irin nawa, to datti ne kurum. Wai an yi abin ne yadda in ya ji nauyi zai ɗauka yatsan yaro ya matse, sai ya ja da baya. Ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris a kwararon da labulen ke bi ta zama kamar kwalta, shi ke nan fa. Burushi da tsumma da ɗan mai na silikon da ake fesawa su ne maganin. Ya ce kada a kuskura a lafta baƙin giris na ƙafar mota, ƙura yake tarawa. Ya ƙara da cewa wasu motocin in an cire batir sai abin ya manta inda yake tsayawa, sai an danne makunnin an riƙe na ɗan lokaci ya dawo hayyacinsa.

Ashe injina lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ci mini kuɗi shi ne ƙugiyar robar da aka karya da hannu, wadda sai da na yi zuwa biyu Kaduna kafin a samo ta a jikin wata mota da aka yanka. Ku lissafa kuɗin mai da kanku.

Edita, ban rubuto don in ci mutuncin makanikanmu ba. Yawancinsu a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri bayan buɗe kamfanin a 1975, kuma wallahi a wannan fanni babu mai ja da su. Amma waccan da hannu ake murza gilashinta. Motocin da ke shigo mana yanzu kuwa taga waya, ƙofa waya, madubi waya, har kujera waya. Guduma da ƙarfin damtse ba sa gyara waya. Laifin da na gani guda ne, mutum bai san abu ba amma ya kasa cewa ban sani ba.

Saboda haka ina kira ga hukumar ƙaramar hukumarmu da shugabannin makanikai da su zaɓi samari, ko goma ne, a tura su Kaduna su zauna wurin masu rewaya na shekara guda, a ɗauki nauyin cinsu da kayan aiki. Ga yara nan birjik waɗanda rashin zaman lafiya ya raba da gona, suna zaune a tasha. Me zai sa a ce saboda burushi da tsumma sai mutum ya kama hanyar Kaduna?

'Yan'uwana masu shirin sayen 'yar Kwatano kuma, rufin gilashin nan don Turai aka yi shi, inda rana ke yi musu wuyar gani. Mu nan inuwa muke nema. In ta kama sai mai shi za ka saya, danna labulen sau uku a gaban dillali kafin ka ƙirga masa kuɗi. In rufin mai buɗewa ne, a zuba ruwa a ga ko ƙananan magudanan da ke kusurwoyinsa suna zubarwa ƙasa, don in sun toshe, da damina a kan kayanka ruwan zai sauka. Ni dai tun da aka gyara nawa na rufe shi, na kuma hana yara taɓa makunnin.

 

Daga mai karanta ku a kullum,
Birnin Gwari, Jihar Kaduna.