Siket Mai Ƙafa Biyu: Kada Mu Tare Yaran A Ƙofa



Akwai wata tufa da ke kawo gardama a taron dattawa fiye da girmanta. Ina nufin siket-wando, wanda Turawa ke kira kulot. Daga nesa siket ne mai faɗi, amma daga ƙasa an raba shi ƙafa biyu. Sau da yawa uwar yarinya ce ke ɗinka shi a gida da kekenta Butterfly, daga ragowar atamfa. Ra'ayina shi ne kada a mayar da yarinya gida daga ƙofar majami'a saboda shi, kuma Zumuntar Mata ta koya wa mata yadda ake ɗinka shi da kyau.

Na san ayar da za a buɗe mini: Maimaitawar Shari'a 22:5, wadda ta hana mace ɗaukar suturar namiji, ta kuma hana namiji ta mace. Ba na wasa da ita. Amma mu tambayi kanmu, mene ne suturar namiji a zamanin Musa? Isra'ilawa, maza da mata, doguwar riga suke sawa da mayafi, bambancin yana ga ɗinki da ado. Wandon da Attaura ta ambata shi ne ɗan gajeren na lilin da firistoci ke sawa daga ciki, a Fitowa 28:42. Kalmar Ibrananci da ayar ta yi amfani da ita ma tana nufin kayan namiji gaba ɗaya, har da makamansa. Abin da aka hana shi ne mace ta mai da kanta namiji, ko namiji ya mai da kansa mace. Wane namiji ne a cikinmu zai sa siket-wando na atamfa mai furanni ya tafi kasuwa? Sa'an nan a sura ɗin nan, aya 8 ta ce a yi wa rufin soro katanga, aya 11 ta hana haɗa ulu da lilin a tufa ɗaya, aya 12 ta ce a sa tuntaye a kusurwa huɗu na mayafi. Ban taɓa jin an sa dattijo a ƙarƙashin horo saboda rashin tuntu ba.

Ita tufar ma neman sutura ne ya haife ta. Sunan na Faransa ne, da can wandon manyan maza ne iya gwiwa. Amma siket ɗin da aka raba, matan Ingila da Amurka ne suka shiga ɗinka shi a ƙarni na 19, domin su hau doki da keke ba tare da jikinsu ya bayyana ba.

Wannan kuwa shi ne halin yaranmu. A ƙauyukanmu babur ne motar zuwa asibiti da kasuwa, wasu 'yan matan kuma da keke suke zuwa makaranta. Yarinya mai matsattsen siket, in ta zo hawa babur, ko dai ta ɗage shi sama da gwiwa a gaban jama'a, ko ta zauna a karkace, ƙafafu biyu gefe ɗaya. Wanda ya san hanyoyinmu da damina ya san abin da rami ɗaya ke yi wa mai irin wannan zama. Abin mamaki, siket mai tsaga har cinya yana wuce mai gadin ƙofa lafiya domin sunansa siket, wanda ya rufe jiki har ƙwauri kuwa a kore shi.

Damuwar dattawa da na fi ji ita ce ta shaida. Mu kaɗan ne a inda muke, idon maƙwabta yana kanmu, ba ma so a ce 'ya'yan Kirista ba su da kunya. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Sai dai ku dubi 'ya'yan maƙwabtan namu da safe: riga da wando da hijabi ne kayan makarantarsu. Abin da suke lura da shi a jikin yaranmu shi ne matsi da tsiraici.

Saboda haka maganar ta koma ga ɗinki, ga kuwa abin da teloli mata suka sani. Yadi biyu da rabi zuwa uku ya ishi budurwa. A wanke yadin kafin a yanka, gama auduga tana shan ruwa ta tsuke. Bayan awon ƙugu da kwatangwalo, akwai awo na uku wanda masu gaggawa ke tsallakewa: a zaunar da yarinyar a kan benci, a auna daga ƙugunta zuwa bencin, a ƙara inci biyu ko uku. Nan ne mahaɗar ƙafafun za ta sauka. In an ɗinka ta sama, wando ne aka yi. In an saukar da ita, aka buɗe kowace ƙafa sosai, aka karya yadin ninki biyu a gaba ya rufe rabuwar, to, in yarinyar ta tsaya ba mai gane ba siket ba ne. Tsawon ya wuce gwiwa ko tana zaune, yadi mai shara-shara kuma a yi masa shafi. Wanda aka ɗinka ɗamamme iya cinya, wannan ba shi nake karewa ba, 1 Timoti 2:9 ta ishe shi.

Akwai kuma 'yan'uwa mata da lamirinsu bai yarda da kowace tufa mai ƙafa biyu ba. A 2019 an sallami wasu 'yan mata biyu daga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Jihar Ebonyi domin sun ƙi sa wando. Ban yarda da fassararsu ga ayar ba, amma Romawa 14 ta hana mu raina su, kamar yadda ta hana su hukunta mai sawa. Kada a mai da shi kayan dole na ƙungiyar mawaƙa ko ta 'yan mata.

Roƙona ga dattawa shi ne, kafin a yanke shawara a taro na gaba, a kira shugabar Zumuntar Mata ta zo da guda ɗaya da aka ɗinka yadda na faɗa, ta zo kuma da matsattsen siket irin wanda ake bari ya shiga kowace Lahadi. A shimfiɗa su a kan tebur, a sa tef a auna.